Wayarka da talabijin ɗin lokanda: abin da matafiyi ya kamata ya sani a Gadarif

Gadarif gari ne da ya saba da baƙi. Tun ana kiransa Suk Abu Sin kasuwa ce ta kafa shi, kuma tun da aka fara noman inji a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940 ya zama wurin da ake yanke farashin riɗi da dawa. Daga watan Oktoba, da zarar riɗi ya fara shigowa kasuwar amfanin gona, dillalai da direbobin manyan motoci da 'yan ƙwadago sukan cika gari, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Ga hanyar Gallabat da ke kai wa Matamma ta Habasha, ga kuma babban titin da ya taso daga Kartum ya bi ta Madani ya ratsa nan ya nufi Kasala da Fot Sudan. Duk wanda ya taɓa bin ɗaya daga cikin hanyoyin nan ya san lokanda: gadaje a jere a tsakar gida, fanka a ɗaki, talabijin ɗaya a zaure. Mai ɗan hali kuwa sai ya kama ɗaki a funduk, inda nasa talabijin ɗin ke maƙale a bango.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sauya irin baƙin. Da Madani ta faɗi a Disambar 2023, da kuma Sinja a ƙarshen Yunin 2024, ɗaruruwan dubban mutane suka kwararo jihar Gadarif. Makarantu suka cika, tashar mota ta Mina'ul Barri ta zama sansani, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo. Ɗakin da a da ɗan kasuwa ke yin kwana biyu a cikinsa, sai ga iyali guda sun yi watanni, da yara da tsofaffi. Ko bayan da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025 mutane suka fara komawa, zirga-zirgar ba ta tsaya ba: wannan zai je duba gida, wancan zai je neman fasfo, wata za ta raka mahaifiyarta asibiti.

To a irin wannan zama, talabijin ɗin bango ba kayan ado ba ne. Shi ne ke zaunar da yara wuri ɗaya a ɗakin da ba shi da tsakar gida. Matsalar ita ce abin da ke cikinsa ba lallai ya zama abin da baƙon ke so ba, abin da yake so kuwa yana cikin aljihunsa, a fuskar waya mai faɗin tafin hannu.

Abin da ke dish da abin da ke aljihu

Yawancin dish-dish ɗin da ke kan rufin masaukai a nan Nilesat suke kallo, wasu su haɗa da Arabsat. Za ka sami Sudan TV da Aljazira da tashoshin MBC, da tashar da ke nuna Harami dare da rana. Ba laifi, ai kusan kowa cikinmu yana jin Larabci, yaranmu ma da yawa sun fi sakewa da shi. Amma Bahaushen da ya zauna ya bi tashoshin nan ɗaya bayan ɗaya da wuya ya ji kalmar Hausa.

Hausar tana cikin waya. A can ne ake da Labarina na Aminu Saira da Izzar So, da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24 wadda ta fara aiki a 2014. A can ne tafsirin marigayi Shehu Ɗahiru Usman Bauchi yake, da na marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, gwargwadon inda mutum ya karkata. Ga labaran BBC Hausa, ga bidiyon bikin 'yar'uwa da aka turo daga Kano ko Maraɗi ko Jidda.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga al'ummar da ta haura shekara ɗari a ƙasar nan. Kakannin wasu mahajjata ne da suka taso a ƙafa suka yada zango a hanya, na wasu kuma suna cikin ayarin da ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, ayarin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya zaunar a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Harshen ya rayu a gida da gona da makarantar allo. A birni kuwa, yaron da ke karatu da Larabci, yana wasa da Larabci, yana kallo da Larabci, sau da yawa yana jin Hausa amma amsa yake yi da wani harshe. A ganina, sa'a guda da iyali suka zauna tare suna kallon shirin Hausa a babbar fuska, kaka tana fassara wa jika karin maganar da ta wuce shi, ta fi sa'a biyar da kowa ya sunkuyar da kai a kan tasa wayar.

Akwai kuma buƙatun da ba na nishaɗi ba. Lokacin da aka yi jarrabawar shahadar Sudan da yaƙi ya jinkirta, a ƙarshen Disambar 2024, ɗalibai da yawa sai da suka bar garuruwansu suka zauna a jihohin da ke da kwanciyar hankali, darussansu kuwa bidiyo ne a cikin waya. Lissafin da malami ke rubutawa a allo ba ya karantuwa a ƙaramar fuska, balle idan mutum uku ke leƙe. Haka ƙwallo: ranar da Hilal ko Marrikh ke wasa, wanda bai iya zuwa gidan kallo ba yana so ya ga wasan a abin da ya fi waya girma.

Filash, hanyar da aka raina

Kafin a je ga dabaru masu suna, a fara da abin da ya fi aiki a nan. Kusan duk talabijin mai falle yana da ƙofar USB a baya ko a gefe. Ko da talabijin ɗin tsoho ne mai ƙusumbi, wanda ba shi da komai sai ƙofofin nan uku, ja da fari da rawaya, duba risibar da ke ƙarƙashinsa: yawancin risibobin zamanin nan suna da tasu ƙofar USB, kuma suna kunna bidiyo da sauti. Ka sa filash, ka danna maɓallin zaɓen mashiga a rimot, ka nemi fayil ɗinka. Ba data, ba shabaka, kuma ba wani sirrinka da ya shiga na'urar mutane.

Yadda za a kwashe daga waya zuwa filash ma ba wuya. Akwai ɗan ƙaramin mahaɗi da ake kira OTG, ana samunsa a shagunan kayan waya, kansa ɗaya ya shiga waya ɗaya ya karɓi filash. Akwai ma filash mai baki biyu da ba ya buƙatar mahaɗi.

Abu uku ne suka fi kawo cikas. Tsofaffin talabijin da risiba sun fi gane filash ɗin da aka tsara a kan FAT32, shi kuma wannan tsari ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4, don haka dogon fim mai nauyi ba zai shiga ba. Sannan irin fayil ɗin: MP4 na gama-gari shi ne kusan kowace na'ura ke karantawa, wasu sabbin nau'o'in kuwa sai ka ga hoto ba murya, ko a ce maka ba a gane fayil ɗin ba. Na ukun shi ne wanda ya fi ba mutane haushi. Bidiyon da ka ajiye a cikin manhajar YouTube don kallo ba tare da intanet ba, a kulle yake a cikin manhajar, ba ya kwasuwa zuwa filash.

Wannan ne ma ke tura mutane wurin masu turi, waɗanda a Kano ake ce wa 'yan dawunlodin, su cika maka filash da kuɗi kaɗan. A nan akwai maganar haƙƙi da bai kamata a tsallake ba. Masu shirya fina-finan da suka koma YouTube, daga yawan kallo ake biyansu, fim ɗin da aka tura daga kwamfuta zuwa filash kuwa ko sisi ba ya kai musu. Wanda ke inda ba shabaka yana da uzurinsa. Wanda ke da ita, ya kalla a tashar masu abin. Tafsirai da karatuttukan da malamai suka ce a yaɗa, wannan kam ba magana.

Kebul ɗin da aka saya bai yi aiki ba

Sai hanya ta biyu, wato wasla, kebul ɗin HDMI. Ga mai kwamfutar tafi-da-gidanka ita ce mafi sauƙi: kai ɗaya a kwamfuta, ɗaya a talabijin, a zaɓi HDMI 1 ko HDMI 2 a rimot, shi ke nan. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka cika garin nan tun zuwan 'yan gudun hijirar Tigray sansanin Um Rakuba a Nuwambar 2020, haka suke nuna jadawalinsu a ɗakunan taro.

A waya ne ake asarar kuɗi. Mutum ya ga bakin cajin wayarsa USB-C ne, ya ga kebul mai USB-C a gefe ɗaya da HDMI a ɗaya gefen, ya saya, ya kai ɗaki, shiru. Ba kebul ɗin ne jabu ba. Kamannin baki ɗaya ne, amma ba kowace waya aka yi wa hanyar fitar da hoto ta wannan baki ba. Manyan wayoyin Samsung na jerin Galaxy S suna yi tun daga S8 ta 2017. Wayoyin iPhone 15 da suka koma USB-C a 2023 suna yi, tsofaffin iPhone kuwa sai da mahaɗinsu na musamman. Amma yawancin wayoyin da ke hannun jama'a, Tecno da Itel da Infinix da ƙananan Samsung na jerin A, caji da tura fayil kawai bakin nasu ke yi. Saboda haka kada ka biya sai an gwada a gabanka, da wayarka, a talabijin ɗin shagon. Mai shagon da ya ce ai duk ɗaya ne, ko dai bai sani ba ko ciniki yake so.

Akwai wasu kebul masu arha da ke cewa suna aiki da kowace waya, amma sai ka sauke wata manhaja ka kuma buɗe mata ƙofofin da aka tanada don masu gyaran manhaja. Wayar da Bankak ke cikinta ba wurin irin wannan gwaji ba ne.

Ba tare da kebul ba

Nan ne aka fi rikicewa, domin abu biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya.

Na farko shi ne madubi: duk abin da ke fuskar wayarka ya bayyana a talabijin. Tsarin da yawancin wayoyin Android ke amfani da shi sunansa Miracast, an fito da shi a 2012. Samsung na kiransa Smart View, sauran kamfanoni kowa da sunan da ya raɗa masa, amma yana cikin jerin maɓallan da ke saukowa idan ka ja fuskar waya daga sama. Daɗinsa shi ne waya da talabijin suna magana kai tsaye, ba sa buƙatar intanet ko waifai ɗin masauki. Idan bidiyon yana cikin wayar, ko an ɗauke shabakar gari duka zai yi. Wanda ya ga Fabrairun 2024, lokacin da Zain da MTN da Sudani suka ɗauke aka yi ta neman inda za a tura saƙo ɗaya, ya san darajar abin da ba ya jiran shabaka. Idan talabijin ɗin ba mai wayo ba ne, akwai 'yar na'ura kamar babban filash, irin su AnyCast, da ake sokawa a ƙofar HDMI ta yi wannan aiki.

Na biyu shi ne aike. A nan wayar ba hoto take turawa ba, umarni take bai wa talabijin cewa je ka ɗauko bidiyo kaza daga intanet. Haka Chromecast na Google ke aiki tun 2013, kodayake kamfanin ya daina ƙera shi a 2024 ya maye gurbinsa da Google TV Streamer. Haka ma alamar nan mai kama da akwati a kusurwar YouTube. Amfaninsa, kana iya amsa kira ko rubuta saƙo shirin na ci gaba, kuma ba wanda ke ganin fuskar wayarka. Sharaɗinsa kuwa, dole talabijin ɗin ya sami intanet, kuma galibi sai shi da wayar suna kan waifai ɗaya.

A nan ne waifai ɗin otal ke ba da wahala. Sau da yawa an saita shi ta yadda na'urorin baƙi ba za su ga juna ba, don kada na ɗaki na bakwai ya leƙa kwamfutar na ɗaki na tara. Kariya ce, ba mugunta ba, amma ita ce ke hana wayarka ganin talabijin ɗin da ke gabanka. Ga kuma shafin nan da ke buɗewa yana neman lambar ɗaki kafin a ba ka intanet, wanda ƙananan na'urorin ba su iya cika shi. Mafita ita ce ka buɗe hotsifot a waya ɗaya, ka ɗora na'urar da waya ta biyu a kansa. Sai dai ka san data ɗinka ne zai ƙone. A ƙiyasin Netflix da kansa, sa'a guda ta matsakaicin hoto na iya cin gigabayit 1, mai tsabta sosai kuwa har 3. Talabijin kuma da kansa yake zaɓar mafi tsabta idan ba ka hana shi ba. Ka shiga saiti ka sauko da shi zuwa 480, ga fim ɗin Hausa ko wa'azi ya isa.

Idan ka yi madubi da manhajar fina-finai ta biyan kuɗi ka ga fuska ta yi baƙi murya na fita, wayarka lafiyarta ƙalau. Kariyar haƙƙin mallaka ce ke toshe hoton.

Manyan otal a hanyar Makka da Masar

Wanda tafiya ta kai Jidda ta jirgin ruwan Sawakin, ko Alƙahira, ko Addis Ababa, zai tarar da wani abu dabam. Talabijin ɗin manyan otal ba irin na gida ba ne. Samsung da LG suna ƙera nau'i na musamman don masaukai, wanda hukumar otal ke sarrafawa daga wuri ɗaya: ta ƙayyade ƙarar murya, ta rufe saiti, wani lokaci ta kulle mashigar HDMI. Rimot ɗin ma sau da yawa ba shi da maɓallin sauya mashiga. Akwai bidiyoyi birjik da ke koya wa mutane lambobin buɗe saitin sirri da zare igiyoyin bayan talabijin. Ban ba da wannan shawara ba. Kayan amana ne, kuma idan ya rikice kai za a caja. Ka kira masu karɓar baƙi ka tambaya, sau da yawa su da kansu za su turo mai buɗewa.

Wasu otal ɗin sun riga sun tanadi hanya: lambar QR za ta fito a fuskar talabijin, ka ɗauka da kyamara, wayarka ta haɗu da na ɗakinka kaɗai, ranar tafiya kuma haɗin ya goge da kansa. Apple ya fara irin wannan da wasu otal ɗin kamfanin IHG a Arewacin Amurka a 2024. Inda aka sami haka, ita ce hanya mafi aminci. A tuna kuma da bakin soket: na Saudiyya mai ƙafa uku ne masu faɗi irin na Ingila, ba zai karɓi cajar da aka saba da ita a nan ba sai da mahaɗi.

Abin da bango zai faɗa wa jama'a

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Waya a Sudan ta yau ita ce jakar kuɗi. Tun kafin yaƙi ake amfani da Bankak na Bankin Kartum, yaƙin ya mai da shi hanyar da 'yan'uwa na waje ke ciyar da na gida, canjin takardun kuɗi na Disambar 2024 kuma ya tura har waɗanda ba su taɓa shiga banki ba suka buɗe asusu. Idan ka yi madubi a zauren lokanda don mutane su kalli wasa, duk saƙon da ya faɗo daga saman fuskar wayarka ya faɗo a bango. Sanarwar shigar kuɗin riɗi da adadinsu, lambar tabbatarwa da aka turo maka, sunan matarka da farkon abin da ta rubuta. Wasu manhajojin banki suna baƙanta fuskarsu idan ana madubi, amma saƙon da ke leƙowa daga sama ba ya ɓoyuwa. Idan kuma ka buɗe makullin wayar alhali haɗin na nan, kowa ya ga zanen da yatsanka ya bi.

Ba ɓarawo kaɗai ake gudu ba. Kowa ya san yadda ake binciken waya a shingayen hanya tun farkon yaƙin nan, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙi sun yi ta kokawa kan abin da jama'a ke kira dokar baƙuwar fuska, inda kamanni ko asali kan jawo wa mutum tuhuma. Bahaushen da bai manta da rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022 ba, wanda ya ci rayuka sama da ɗari har aka yi zanga-zanga a Kasala da nan Gadarif, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Lambar Najeriya ko Nijar ko Chadi da ta fito a bango, ko bidiyon yaƙi da wani ya jefo a zauren WhatsApp ba tare da ka nema ba, a wurinka ba komai ba ne. A idon wanda ke gado na kusa, wanda ba ya jin abin da aka rubuta, yana iya zama labarin da zai kai gaba. Ba a ce a ji tsoron harshe ko zumunci ba, amma babu dalilin baje su a gaban wanda ba ka san ko wane ne ba.

Maganin ba tsada. Kafin ka haɗa, ka kunna tsarin hana damuwa, wanda a wayar da aka saita da Larabci ake rubuta adamul iz'aj, ka kuma tabbatar ya hana saƙonni leƙowa, ba ƙara kaɗai ya kashe ba. Ka buɗe bidiyon tun kafin haɗi, kada ka shiga ma'ajiyar hotuna kana lalube jama'a na kallo, musamman da yake hotunan iyali na ciki. Sabbin wayoyi masu Android 15 suna ba da zaɓin nuna manhaja ɗaya tak maimakon fuska duka. In za ka taɓa banki, ka yanke haɗin tukuna. Sannan ka duba sunan talabijin ɗin da kyau kafin ka danna, domin a masaukin da aka sayi talabijin iri ɗaya guda goma, jerin sunayen duk kama suke, kuma ba abin mamaki ba ne bidiyonka ya fito a ɗakin maƙwabci.

Haɗari na biyu yana zuwa ne bayan ka tafi. Talabijin mai wayo zai nuna maka lamba ya ce ka shigar don asusunka na YouTube ya buɗe. Ka shigar, ka ji daɗi, asuba ta yi ka yi sammakon mota. Asusun yana nan. Baƙon da ya biyo bayanka zai ga sunanka da hotonka da duk abin da ka taɓa nema, abin da shi kuma ya kalla zai shiga tarihinka, ya fito a wayar da 'ya'yanka ke ɗauka. Gara a kalla ba tare da shiga asusu ba. In kuwa an riga an yi, ba sai ka dawo daga Faw ba: shiga asusunka na Google ta waya, sashen tsaro, jerin na'urorin da ke ɗauke da asusun, ka fitar da wanda ba naka ba. Netflix da Shahid ma suna da wurin cire na'ura. In talabijin ɗin ka haɗa da hotsifot ɗinka, ka sauya kalmar sirrin.

Sai akwatunan Android marasa suna da ake sayarwa da alƙawarin duk tashoshin ƙwallo kyauta. A Disambar 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta sanar da katse sadarwar na'urori kusan 30,000 da aka sayar da su ɗauke da muguwar manhaja mai suna BadBox tun daga masana'anta. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan sabon nau'inta, wata guda bayan haka Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urori sama da miliyan 10 abin ya shafa. Irin wannan akwati yana iya amfani da intanet ɗinka ya yi wa wasu aiki ba ka sani ba. Idan ka tarar da shi a ƙarƙashin talabijin ɗin masauki, kalli abin da ke ciki, amma kada ka rubuta kalmar sirrinka a cikinsa.

Wuta da zaman tare

Duk wannan sai da wuta. A Janairun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari tashar wutar Shuwak, Gadarif da Kasala suka shiga duhu, kuma ko a ranakun lafiya ɗaukewa da dawowa ba baƙon abu ba ne. Lokacin da ake sauyawa daga wutar gwamnati zuwa janareto ne kaya suka fi ƙonewa. In an ɗauke, ka zare kwamfuta da caja daga soket da kuma jikin talabijin, sai wuta ta zauna ka mayar. Ƙofar USB ta talabijin tana iya cajin waya in ba wani soket, amma a hankali ƙwarai, kuma tana mutuwa da zarar an kashe shi. In wayar ta tambaye ka caji kawai ko tura fayil, zaɓi caji kawai.

Talabijin ɗin zaure kuwa na kowa ne. A ciki akwai Bahaushe da Bashukure da ɗan Bani Amir da Bahabashe, akwai mai jiran labarai don ya ji halin da garinsu ke ciki. Ka nemi izinin mai lokanda kafin ka taɓa bayan akwatinsa, ka tambayi na zaune, ka rage murya bayan isha'i. Da ka gama, ka mayar da igiyar risiba ƙofar da ka same ta, ka dawo da mashigar yadda take, don yawancin ƙorafin da masu masauki ke samu cewa talabijin ya lalace, wani ne ya bar shi a HDMI 2. Kafin ka miƙa makulli kuma ka zura hannu bayan talabijin ɗin, nan ne filash da mahaɗi suka fi kwana bayan mai su ya kai Kasala.